Yadda Ake Tattara Tarihin Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Ƙaramin Gari

Wanda ya yi niyyar rubuta tarihin reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji na garinsu ya kamata ya san tun farko cewa labarin fagen daga rabin aikin ne kawai, domin ƙungiyar ta samu ne bayan an dawo gida, lokacin da waɗanda suka tuɓe kaki suka fara neman fansho, da aikin gadi, da wanda zai tsaya wa iyalan abokansu da suka rasu.

Fara da neman izinin shugaban reshen da sakatarensa, sannan ka kai gaisuwa ga hakimi ko dagaci, saboda dattawa ba sa sakin jiki da wanda ya zo musu ta bayan gida. Abin da za ka fara roƙo shi ne rajistar 'yan ƙungiya, da littafin da ake rubuta abin da aka tattauna a taro, da na kuɗin wata. Littafin kuɗin nan, wanda kowa ke rainawa, shi ne yakan nuna shekarar da reshen ya yi ƙarfi da shekarar da ya durƙushe. An kafa uwar ƙungiyar ta ƙasa, wato Nigerian Legion, bisa doka a 1964, amma kada ka ɗauka wannan ita ce shekarar kafuwar reshenku. Sai ka binciki takardarsa mafi tsufa.

Daga nan ka rarraba mutanen bisa zamaninsu. Akwai waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma da suka fafata da Japan a Burma. Akwai waɗanda aka kai Kwango tun daga 1960. Akwai na yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Sai na ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo. Na Burma kusan duk sun kwanta dama, don haka labarinsu yana hannun 'ya'ya da jikoki, na basasa kuwa su ne ya kamata a gaggauta zama da su.

Wajen hira, ka je gida da hantsi ko bayan la'asar, ka nemi yardar dattijon kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya, kuma ka bar shi ya fara daga ranar da aka ɗauke shi kurtu. Kada ka matsa masa kan abin da ya ƙi faɗa. Ka roƙi ganin takardar sallamarsa, ka ɗauki hotonta a gabansa ka mayar masa nan take, domin da ita ake bin haƙƙin fansho, ba mai yarda ta kwana a waje. Abin da ya fi muhimmanci a cikinta shi ne lambarsa ta soja. A zamanin Turawa an sha rubuta kurtu da sunan garin da ya ce ya fito a maimakon sunan mahaifinsa, ta yadda bataliya ɗaya za ta iya ƙunsar mutane da dama masu suna iri ɗaya, kuma lambar ce kaɗai ke rarrabe su. Kada ka tsallake matan da mazansu suka rasu, domin galibi a adakarsu takardu da lambobin yabo suke, kuma su ne suka san ko ƙungiyar ta taimaka ko alkawari kawai ta yi.

Abin da aka faɗa maka da baki sai ka gwada shi da rubutattun bayanai. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da cibiyar binciken tarihi ta Arewa House suna da takardun zamanin En'e da na lardi, tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939, suna ɗauke da labaran yaƙin cikin Hausa, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila kuma ta sa sunayen mamatan a intanet. Inda ruwayoyi biyu suka saɓa, rubuta kowace da sunan mai ita.

Idan rubutun ya kammala, a karanta shi a gaban 'yan ƙungiya su gyara, kuma taron tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu dama ce ta samunsu a wuri ɗaya. Sannan a ajiye kwafi a ofishin reshen, da fadar hakimi, da makarantar sakandaren garin.