Babi na Bakwai: Yadda Ake Ɗaukar Shatar Mota

Darasi na 1: A ƙirga mutane tukuna

Shata ita ce ku ɗauki mota sukutum da direbanta, ta kai ku inda za ku, ba ta tsayawa ɗaukar kowa a hanya. Haka ake yi idan za a kai amarya wani gari, ko za a je ta'aziyya, ko ɗaliban Islamiyya za su musabaƙa.

Kada kowa ya taka tasha bai san yawan mutanensa ba. Ku ɗauko takarda, ku rubuta 1, 2, 3 a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, kowace lamba a layinta. A gaban kowace lamba ku sa sunan mutum ɗaya. Lambar ƙarshe ita ce yawanku. Goyo ba ya cin kujera, amma yaron da ya fi ƙarfin cinya a ba shi lambarsa.

Sharon tana da kujera 7 har da ta direba. Homa, wato Toyota Hiace, wata 14 take ci, wata 18, ya danganta da yadda aka jera kujerunta. Kosta tana kai wajen 30. Kada ku tsaya ga abin da aka faɗa muku da baki. Ku shiga motar ku ƙirga kujeru da hannunku, ku cire ta direba, ku cire ta yaron mota in da shi. Gado da katifa da kwallayen amarya kuwa ba na motar mutane ba ne, a nema musu akori-kura daban.

Darasi na 2: A tasha

Ku je da saura kwana uku aƙalla, kuma ku je ku biyu. Kowace tasha da ɓangaren da motocinta suke bi. A Kano, mai neman motar Zariya ko Kaduna Unguwa Uku yake zuwa, mai neman ta Katsina kuma Ƙofar Ruwa. Direban da ya saba da hanya ya san ramukanta.

Tun daga bakin ƙofa 'yan kamasho za su tare ku. Ku gaisa da su cikin mutunci, ku wuce ofishin ƙungiyar direbobi, wadda ake rubutawa NURTW. Dalili shi ne, in magana ta ɓaci, ofis yana nan inda kuka bar shi, kuma sun san direbansu har gidansa.

Ku ce a nuna muku motar ita kanta. Ku dubi lambarta: motar haya da jan rubutu ake yi mata lamba, motar gida da shuɗi. Ku zagaya ku dubi tayoyinta duka, ku ce a fito da safaya da jak ku gani, ku danna safayar ku ji ko da iska. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a haɗe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra tana gargaɗin cewa tayar da ta wuce shekara huɗu ta gama aiki, ko da zanenta bai suɗe ba. Direba ya kunna fitilu, ya nuna lasisinsa da takardun mota da na inshora.

Sannan a zauna ciniki. Ga yadda za ku tambaya:

"Malam direba, kuɗin nan na zuwa ne kaɗai, ko zuwa da dawowa?"

"Mai fa, a cikin kuɗin yake ko mu za mu zuba?"

"In mun isa, awa nawa za ka jira mu? In mun wuce lokaci, nawa ne kuɗin jira?"

"In kwana ya kama, wa zai ɗauki masaukinka da abincinka?"

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, maganar mai ita ce babbar magana a kowace shata, don haka kada a bar ta a dunƙule.

Darasi na 3: Takardar yarjejeniya

A nan ne akasari ake tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Kafin alƙalami shi ne kuɗin da ake fara bayarwa don a kama mota. Ciko shi ne sauran. Ba a miƙa kafin alƙalami sai an rubuta takarda. Takarda tukuna, sannan kuɗi.

Ku kwafi wannan a littafinku, ku bar fili a gaban kowane layi:

Sunan direba:
Lambar wayarsa:
Lambar mota:
Daga ina zuwa ina:
Zuwa da dawowa:
Rana da lokaci:
Jimlar kuɗi:
Kafin alƙalami:
Ciko:
Mai a wuyan wa:
Sa hannun direba:
Sa hannun shaida:

Layi na uku shi ne mai ba da wahala. Lambar mota kashi uku ce: haruffa uku, sai lambobi uku, sai haruffa biyu. Haruffan farko na ƙaramar hukuma ne, kamar KMC ko DAL. Ku tashi ku je gaban motar, ku tsuguna, ku ɗora yatsa a kan harafin farko, ku rubuta shi, sannan ku matsar da yatsa. Ɗaya bayan ɗaya. Ku lura da masu kama da juna: B da 8, S da 5, 6 da 9. In kun gama, ku ƙirga abin da kuka rubuta. Dole ya zama takwas. In bakwai ne, an tsallake ɗaya, a sake. Sai ku zagaya bayan motar ku gwada abin da kuka rubuta da lambar baya.

In hannu yana rawa saboda mutane na kallo, ba komai. Sannu ba ta hana zuwa. Direba ba zai gudu ba, shi ma cinikin yake so.

Me ya sa muke ta nanata lambar nan? Saboda ana nuna wa mutum lafiyayyar mota ranar ciniki, ranar tafiya kuma a turo wata akwala, a ce waccan ta tafi aiki. In lamba na rubuce, sai ku ɗauki takarda ku koma ofis. In babu, me za ku nuna?

Kuma ba a tambayar direba lambar motarsa a rubuta daga bakinsa. An faɗa an sake faɗa, amma har yanzu wasu suna zama a benci suna cewa "Malam, faɗo min lambar." Haba jama'a! Taku goma ne tsakaninku da motar. Ku tashi ku je ku gani da idonku. Yatsa a kan harafi, a rubuta, a matsa gaba, a ƙirga takwas.

Sai kuɗi. Sifiri ɗaya yana mayar da dubu tara dubu casa'in. Ku duba: 9,000 sifiri uku, 90,000 sifiri huɗu. Ku rubuta da lamba, ku kuma rubuta da kalmomi a gefe: naira dubu casa'in. A layin "zuwa da dawowa" ku rubuta "eh" ko "a'a" ɓaro-ɓaro, kada a bar shi fili. Lokaci kuma da agogo ake rubuta shi, ƙarfe 7:00 na safe. "Bayan asuba" ba lokaci ba ne, kowa da tasa fassarar.

Kafin alƙalami kada ya wuce rabi. Direba ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa, wani daga ofis ya sa hannu a matsayin shaida. A yi kwafi biyu, ɗaya gare ku ɗaya gare shi. In ta waya kuka tura kuɗi, kada ku goge saƙon banki. Kafin ku bar tasha, ku sake duba lambar motar.

Aiki: Yau ku nemi motoci biyar a unguwarku, ku kwafi lambobinsu, ku kawo aji. Wanda bai yi ba kada ya ce bai samu mota ba.

Darasi na 4: Raba kuɗi

A ce shata ta kama naira 90,000, ku kuma mutum 18 ne. Ku raba 90,000 gida 18, kowa zai ba da 5,000. In mutum biyu suka fasa ranar tafiya, kuɗin mota ba ya raguwa, sai ya koma 5,625 a kan kowane ɗaya daga cikin 16 da suka rage. Saboda haka a karɓi kuɗin kowa tun kafin ranar, a sa alama a gaban sunansa.

Darasi na 5: Ranar tafiya

Ku kira direba da dare tun ana gobe tafiya. In mota ta iso, ku fito da takarda ku gwada lamba kafin kowa ya shiga. A kira suna ɗaya bayan ɗaya. Kada a ƙara mutum fiye da kujeru. In direba ya cika gudu, babba a cikinku ya yi masa magana. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122. A yi ƙoƙari a dawo kafin duhu.

Darasi na 6: Ciko

Ana biyan ciko bayan an sauke ku a gida. A ƙirga a gaban shaida, a rubuta "an biya" a takarda.

Aiki: Ku sake kwafar takardar Darasi na 3.