Yadda za ka tantance camfin Turawa da ake jingina wa Kiristanci

Kusan duk camfin Turawa, idan ka tambayi asalinsa, sai a ce maka daga coci ya fito. Ni ba na saurin yarda. Ga yadda nake tankaɗe zancen.

Fara da jera shekaru biyu: lokacin da abin da ake ba da labarinsa ya faru, da lokacin da aka fara rubuta camfin. Ɗauki tsoron Juma'ar da ta faɗo 13 ga wata. Ana cewa mutum 13 ne suka zauna cin jibin ƙarshe, wato abincin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa, har da Yahuda Iskariyoti da ya ci amanar Yesu, kuma a aƙidar Kirista ranar Juma'a aka gicciye shi. Wasu sukan kawo Juma'ar 13 ga Oktoba 1307, ranar da Sarki Filib na Huɗu na Faransa ya sa aka kame mayaƙan Templar, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista. Labarin da daɗin ji, amma sai a ƙarni na 19 aka fara ganin ranar da lambar haɗe a rubuce a matsayin abin tsoro. Giɓin shekara 500 ba wasa ba ne. In ka ga irinsa, yi zargin camfin ne ya riga zuwa, daga baya aka ɗinka masa labari.

Sai ka duba ko al'adar ta girmi cocin. Sa wa mai atishawa albarka, ana danganta shi da Fafaroma Giregori na Ɗaya a annobar Rum ta 590, alhali marubucin Romawa Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79, tuni ya rubuta cewa mutanensa na gaida mai atishawa. Haka camfin cewa zubar da gishiri na jawo rashin sa'a. A zanen jibin ƙarshe da Leonardo da Vinci ya yi a Milan wajen 1498, ga mazubin gishiri nan a kife kusa da hannun Yahuda, amma buɗe Linjila ka nema, ba za ka ga gishirin ya zube ba.

Daga nan kwatanta ƙasashen Kirista da juna. A Sifaniya da Girka Talata 13 ake gudu, a Italiya kuwa lamba 17 ce abar tsoro. Da daga littafi ɗaya abin ya fito, da bakinsu ya zo ɗaya.

Bi ta ƙarƙashin tsani kuma, da ake camfa shi, an ce keta alfarmar Triniti ne, wato aƙidar Kirista ta Allah ɗaya cikin uku, don tsani da bango da ƙasa sun yi kusurwa uku. Wannan kam na fi zargin bokitin fentin mutumin da ke sama.