Yadda Za Ka Bincika Tarar Kyamarar Danja a Amurka

Idan takardar tara ta iso daga kyamarar da ke ɗaukar hoton masu tsallake jar wuta, kada ka yi saurin biya. Fara da hotunan. Na'urar da aka binne a kwalta, ko radar, ita ke tayar da kyamara. Hoto na farko dole ya nuna motarka a bayan farin layi alhali jar wuta ta riga ta kama, na biyu kuma a tsakiyar mararraba. In ka tsallake layin tun wuta na rawaya, a yawancin jihohi ba ka yi laifi ba.

Sai ka duba tsawon rawayar, domin a nan rigimar take. Ƙa'idar tarayya daƙiƙa 3 zuwa 6 ce, gwargwadon gudun titin. In an gajarta rawayar, direba kan taka birki da ƙarfi, na baya ya afka masa. Binciken hukumar manyan hanyoyi ta tarayya a 2005 ya gano cewa a inda aka saka kyamarar, karon gefe ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100, karon baya kuwa ya ƙaru da 15. Na gefen ya fi kisa, shi ya sa kyamarar ke da amfani. Duk da haka jihar Texas ta haramta ta a 2019.

Tabbatar lambar motar taka ce, sannan ka shigar da ƙorafi kafin wa'adin da ke jikin takardar.