Yadda na rabu da dishi-dishi wurin karatu

Da na haura shekara 40, baƙin Alƙur'ani da rubutun waya suka fara yi mini dishi-dishi, sai na nisanta su kafin in gane. Ga ciwon kai kullum bayan magariba. Likitan ido ya auna ni, ya ce madubin cikin idona ne ya yi tauri, ba ya lanƙwasawa don ganin kusa. Ya rubuta mini tabarau mai lamba +1.50, mai kauri a tsakiya.

'Yata kuwa allon aji ne ba ta hangowa, nata mai lambar ragi ne. Don Allah a bar sayen na kasuwa ba awo, idanu biyu ma lambarsu kan bambanta. A awon ne kuma ake gano hawan jinin ido da wuri.