Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Foldar Haɗaka Ta Riƙa Yankewa a Cikin Domen

Idan ma'aikaci ya kawo ƙorafin cewa foldar haɗaka ko firinta ta daina buɗuwa a kwamfutarsa, abin da masu kula da na'urori da yawa suke fara yi shi ne su kashe sabar su kunna, ba tare da sun tambayi yadda yankewar take faruwa ba. Wannan ne kuskure na farko. Kamata ya yi a fara sanin ko mutum ɗaya abin ya shafa ko kowa, da kuma ko yankewar tana da lokacin da take dawowa, domin daga amsar nan ake gane inda za a dosa.

Kuskuren da ya fi yawa, a ganina, yana wajen DNS, wato tsarin da ke fassara sunan na'ura zuwa lambar adireshinta ta IP. Kwamfutar da ke cikin domen na Active Directory, wato haɗakar kwamfutocin ma'aikata da ake kula da asusunsu daga wuri ɗaya, ba ta san inda sabar da ke tantance masu shiga take ba sai ta tambayi DNS na cikin gida. Amma sau da yawa sai a tarar an sa mata adireshin waje, irin 8.8.8.8 na Google, a matsayin DNS na biyu, wai don kada intanet ta tsaya. Duk lokacin da na cikin gida ya yi jinkirin amsawa, Windows tana iya komawa ga na wajen, wanda bai san komai game da domen ɗin ba, sai folda ta ɓace, can an jima kuma ta dawo kamar ba a yi ba. Gwajin ba shi da wuya: a buɗe foldar da lambar IP, sannan a buɗe ta da sunan sabar. Idan lamba ta yi aiki suna ya ƙi, to a duba sakamakon umarnin ipconfig /all da nslookup, a cire adireshin wajen, a bar wa sabar DNS ta ciki aikin miƙa tambayoyin intanet zuwa waje.

Agogo ma ana raina shi. Kerberos, wato tsarin da ke ba da tikitin shiga, bisa saitinsa na asali ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da sabar. Umarnin w32tm /resync yakan daidaita lokacin, amma idan agogon ya ci gaba da zamewa bayan an kashe na'ura, a duba ƙaramin batirin da ke cikinta.

Akwai kuma masu garajen cire kwamfuta daga domen su sake shigar da ita da zarar sun ga saƙon cewa amincewar da ke tsakanin kwamfutar da domen ta lalace. Kowace kwamfuta tana da kalmar sirrinta da take sauyawa duk kwana 30, kuma idan aka maido da ita daga tsohon kwafi, kalmar takan saɓa da wadda sabar ta sani. Umarnin Test-ComputerSecureChannel -Repair a PowerShell yakan gyara wannan ba tare da an wargaza komai ba.

Yankewar da ke da ƙayyadadden lokaci ita ce ta fi sauƙin kamawa. Sabar Windows takan saki haɗin da ya yi minti 15 babu aiki, sai jan alama ta fito a kan faifan da ke wakiltar foldar haɗaka a kwamfutar, amma yakan dawo da an danna shi, don haka wannan ba lalacewa ba ce. Wadda ke zuwa kusan duk minti 90 kuwa, a zargi Group Policy, wato tsarin da ke sabunta saitunan kwamfutocin domen a irin wannan tazarar: idan an saita faifan a kan zaɓin Replace, to ana goge shi a sake ƙirƙira a kowace sabuntawa, har fayil ɗin da ke buɗe ya yanke. Mayar da shi Update ne magani. A kuma hana Windows kashe katin netwok don tsimin wuta.

Tsohuwar kalmar sirri da ta maƙale a Credential Manager, inda Windows ke adana kalmomin sirri, tana iya jawo a kulle asusun mutum bayan ya sauya kalma, sai a share ta. Wanda aka sa a sabon rukunin masu izini kuma ba zai ga izininsa ba sai ya fita ya sake shiga, domin tikitin da ke hannunsa tsoho ne. Kunna SMB1, wato tsohon tsarin raba fayiloli na Windows, don tsohuwar na'ura ta samu shiga kuwa, gyaran gangar auzinawa ne, domin ta wannan ƙofar ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a 2017. A sabunta na'urar, ko a keɓe ta daga sauran.