Kurakuran da masu kayan sauti suka fi yi wajen zaɓen makirfo na waƙa da busa

Masu ba da hayar kayan sauti a garuruwanmu, daga Rano da Wudil har Ringim da Gumel, aikinsu a fili yake: ƙofar gidan biki, dandalin Maulidi, gaban fadar hakimi ran sallah. Ga iska, ga ƙura, ga janareta yana ruri a gefe. Makirfon da zai yi aiki a irin wannan wuri daban yake da na ɗakin ɗaukar waƙa, kuma daga nan kuskuren farko yake tasowa.

Mutum ya ga mawaƙi a bidiyo gaban ƙaton makirfo mai ƙyalli, sai ya tara kuɗi ya sayo irinsa. Wancan kwandensa ne. Ba ya tashi sai miksa, wato na'urar haɗa sauti, ta ba shi wuta ta maɓallin da aka rubuta wa 48V, ƙananan amfilifaya da yawa kuwa ba su da wannan maɓalli. Ko ya tashi, jinsa ya cika kaifi, zai kwaso janareta da hayaniyar yara da sautin lasifikarka gaba ɗaya. Na fili shi ne dainamik: ba ya neman wuta, yana jure faɗuwa da zafi da ƙura. Shure SM58, wanda aka fara ƙerawa a 1966, shi aka fi sani ga murya, ɗan'uwansa SM57 kuma ga kayan busa da ganga. Sai dai jabunsu sun yi yawa a kasuwa. SM58 na asali nauyinsa wajen giram 300 ne. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, ko aka faɗa maka arhar da ta wuce hankali, ka ajiye. Gara na ƙaramin kamfani mai ɗauke da sunansa na gaskiya, a jona maka shi a shago ka ji da kunnenka kafin ka biya.

Ka duba kwalin kuma. Ana zana wata da'ira da ke nuna ta inda makirfon yake ji. Cikakken zobe na nufin yana ɗauka ta ko'ina, bai dace da taro ba. Mai siffar zuciya kake nema, wanda yake ji ta gaba, ya toshe ta baya. Da wannan za ka gane dalilin ihun nan da lasifika take yi har mutane su toshe kunne: sautinta ne yake komawa cikin makirfo, ya sake fitowa, ya sake komawa. Maganinsa a kafa lasifika gaba da mai waƙa, fuskarta na kallon jama'a. Sannan a hana mawaƙi da sanƙira dunƙule hannu a kan ragar makirfo. Ta ƙasan ragar akwai kafofin da sauti ke shiga ta baya, su ne suke sa shi toshe abin da ke bayansa. Da an rufe su ya koma mai ji ta ko'ina, murya ta dusashe, ihu ya tashi. A riƙe shi a jiki, tazarar baki kamar yatsa biyu zuwa uku. Duk lokacin da tazara ta ninka, sauti na raguwa da desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, mai miksa ya ƙara murɗawa, ihun ya dawo.

Wajen kayan busa ne aka fi ɓarna, don ana ɗaukar su duk abu ɗaya. Algaita ƙararta mai ƙarfi ce da tsini, kuma ba ta bakin ƙasa kaɗai take fita ba, har ta ramukan yatsu. Wanda ya cusa makirfo cikin bakinta zai samu sauti mai tsaga kunne, wasu muryoyin su ɓace, wasu su yi tsalle. A ɗora shi a kan sanda, santimita 20 zuwa 30 daga bakin, a ɗan karkata shi ya kalli tsakanin bakin da ramuka. Mai algaita ba ya tsayawa cak, yana juyi, don haka a nuna masa iyakar wurinsa tun kafin a fara. A rage ƙarfin shigar sauti har sai jar fitilar layinsa a miksa ta daina kamawa, a ɗan sassauta maɓallin tsinin sauti.

Kakaki a fili sau da yawa ba ya bukatar makirfo ko kaɗan. In ya zama dole, a ba shi mita ɗaya, ta gefe.

Sarewa ita ce mai wuya. Muryarta siririya ce, tana fita kusa da bakin mai busa tare da iskar numfashi. In makirfo ya fuskanci iskar kai tsaye, fuu kawai jama'a za su ji. A matso da shi santimita 5 zuwa 10, ta sama kaɗan ko ta gefe, a sa masa hular soso, a danna maɓallin yanke ƙasan sauti, wanda aka fi rubuta wa 80 ko 100 a miksa. Kuma a nisanta mai sarewa da masu kalangu da ganga, in ba haka ba makirfonsa nasu zai zama. Algaita da sarewa kada su haɗa makirfo ɗaya, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Da yawa daga laifin da ake ɗora wa makirfo na waya ne. Wayar da take da kai mai tsinke ɗaya irin na jita, in ta wuce mita biyar ko shida, tana kwasar gurnanin wuta. A sayi mai fil uku, wadda ake kira XLR, kuma kada a shimfiɗa ta a jere da wayar janareta. In dole su haɗu, su gitta juna. Na wayalas kuwa, batir sabo kowane taro, akwatin karɓarsa a wurin da yake ganin mai waƙa, kuma a ajiye mai waya ɗaya a jone ko da zai yanke.

In mawaƙi ya ce makirfo yana ɗan jan leɓensa, a kashe komai nan take. Wuta ce take yawo a jikin kayan saboda babu wayar ƙasa ko wani haɗi ya lalace, kuma tana iya kisa, musamman da damina. A kira mai gyaran wuta ya duba janareta da amfilifaya kafin a sake kunnawa.

Bayan taro, musamman da hunturu, a kwance ragar, a wanke ta da soson cikinta da ruwan sabulu, su bushe sarai kafin a mayar. Kan makirfon kansa kada ruwa ya taɓa shi.