Yadda Za Ka Tura Mashin Ɗinka Ƙasar Waje Ka Bi Shi Ka Hau

Tun da Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan mashin a 2022 ya ratso Faransa, Sifen, Maroko, Muritaniya, Senigal har ya shigo Legas cikin kusan kwana 40, samarin da ke da manyan mashina a nan Zariya suka kasa zaune suka kasa tsaye. Kowa na son ya yi tasa. To tuƙin ba shi ne wahalar ba wallahi, wanda ya saba bin hanyar Kano da damina ai ya san kan mashin. Takardu ne da kuɗin tashar da za a sauke mashin ɗin suke kayar da mutum, shi ya sa da su zan fara.

Ka ɗauko duk takardun mashin ɗin, na kwastan da na mallaka da na rajista, ka tsuguna ka duba lambar shasi da ta injin harafi bayan harafi. Sau da yawa a wajen rajista ake buga sifili a madadin harafin O, ko a juya lamba biyu, a nan gida ba wanda zai kula, amma jami'in boda a Muritaniya zai haska tocila a wuyan mashin ya gwada da takarda, in bai yi daidai ba nan za ka kwana. Sunan da ke takardun ma ya zama irin na fasfo ɗinka, kar ya zama sunan wanda ka saya a hannunsa a Sabon Gari. Sai lasin tuƙi rukunin A na masu babur, da lasin ƙasa da ƙasa wanda hukumar FRSC ke bayarwa, da katin rigakafin shawara wato yalo kad. Biza kuwa ka fara samunta a hannu kafin ka ba kowa ko sisi, kar mashin ya isa Turai kai kana Kwangila kana jiran amsar ofishin jakadanci. Bizar Shengen, wadda ke shigar da kai yawancin ƙasashen Turai, ta yawon buɗe ido ba ta wuce kwana 90 cikin 180, da wannan za ka yi lissafin tafiyarka.

Akwai wata takarda da ake cewa kane (carnet), fasfo ne na abin hawa, ƙungiyoyin masu motoci da ke ƙarƙashin FIA, uwar ƙungiyarsu ta duniya, ke bayarwa bayan ka ajiye kuɗin jingina mai kauri. Ƙasashe irin su Masar, Indiya, Pakistan da Iran sai da ita. Tarayyar Turai da Maroko ba sa nema, suna barin mashin baƙo ya zauna har wata 6. In ka yi ta, duk ƙasar da aka buga ma hatimin shiga ka tabbata an buga na fita, in ba haka ba jinginarka ta maƙale.

Yanzu maganar turawa. Hanya biyu ce, jirgin ruwa ko jirgin sama, kuma yawancin mutane da sun ji farashin ruwa sai su ce ai an gama. Kar ka yi sauri malam. Farashin da ejan zai faɗa maka a tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Kan na ɗaukowa ne kawai, a can inda za a sauke akwai kuɗin tasha, kuɗin buɗe kwantena tunda galibi da kayan wasu za a haɗa naka, kuɗin ejan na can, sannan dimarej, wato kuɗin daɗewar kaya a tasha, da ke hawa kullum in ka makara, kuma duka da Yuro za ka biya. Ga jirgin ruwa ba shi da rana, makonni yake ɗauka kuma yana iya ƙara wasu ba sallama, kai kuma bizarka na tafiya kana biyan otal kana cin burodi da shayi. Don haka ka ce wa ejan ya rubuta maka jimillar kuɗi har zuwa lokacin da za ka murza makulli a can, in ya fara kame-kame nemi wani. Ni a ganina in tafiyar ba ta wuce wata biyu ba jirgin sama ya fi, ko da ya fi tsada a takarda, kwanaki kaɗan mashin ya isa, ka je sashen kaya da takardar jigilar da aka ba ka ka fitar da abinka.

Sai dai jirgin sama yana ɗaukar mashin a matsayin kaya mai haɗari, lambarsa UN3166, dole wanda ke da izini ya cike takardar. Za a rage fetur ya koma ƙasa da kwatan tanki, wasu kamfanonin ma sai an tsiyaye tas, a cire kan batir a naɗe shi da salatif. Kuma girman akwati suke cajin kuɗi a kai in ya fi nauyin: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 6000. Akwati mai 220 da 90 da 120 zai fito kilo 396 ko da mashin ɗin bai fi 200 ba. Cire tayar gaba, cire madubai da gilashin gaba, sassauta kan mashin ka juya shi, akwatin ya dawo 200 da 80 da 100, ka ga ya sauko 267. Wannan awa ɗayan da za ka yi da bakanike ya fi duk wani ciniki da za ka yi da ejan.

Akwatin kuma kar ka ba kafintan unguwa ya buga maka da katakon 'yan katako, ba don bai iya ba. Katakon da zai tsallaka ƙasashe sai mai hatimin ISPM 15, alamar an gasa shi ƙwari sun mutu, in babu ana iya ƙin karɓarsa a can. Mafi sauƙi ka nemi firam ɗin ƙarfe da sababbin mashina ke zuwa a ciki wajen dillalai a Legas. A ɗaure da bel huɗu, a danne shok kaɗan ba duka ba, ka ɗau hoton kowane gefe kafin a rufe, ka yi inshorar jigila. Daga Zariya zuwa Legas ko dai ka hau abinka ya zama gwaji, ko ka ɗora shi a mota ka bi shi da kanka. Kafin ya fita ka sa kwastan su rubuta cewa fitar wucin gadi ce, don kar ka dawo a ce ka biya duti kamar sabon shigowa.

Da ka sauka, inshorar can za ka fara nema, a Turai ana ce mata girin kad, ta Najeriya ba ta aiki. In Ingila ka fara, hannun hagu suke bi, randabawul ɗin farko shi ne jarabawar. Mai gangarowa gida ta ƙasa zai shiga jirgin fito daga Aljeziras ta Sifen zuwa Tanja ta Maroko, a sayi inshorar Maroko a bakin boda. Daga garin Dakhla zuwa bodar Muritaniya gidajen mai sun yi nisa da juna ga iska mai ture mashin, duk inda ka ga famfo cika tanki ka riƙe jarka. Tsakanin Muritaniya da Senigal matafiya sun fi bin bodar Diyama, ta Roso ta yi suna wajen 'yan kamasho. Daga nan birawun kad, wato inshorar ababen hawa ta ECOWAS, ke aiki, amma tunda Mali, Burkina Faso da Nijar sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ga kuma matsalar tsaro, ka bi ta gaɓar teku, Gini, Kwaddibuwa, Gana, Togo, Benin ka shigo ta Seme.

Kayan gyara kar ka cika, sarƙa da siraket, wayar kulochi, fulogi, tub da kayan faci da ƙaramin famfo sun isa, tayoyi kuma ka sa sababbi a Sifen kafin ka tsallaka don girman tayar babban mashin ba ko'ina ake samu ba.